Cire gashin haɓa da lantarki: yaya zan kauce wa tabo da baƙin ɗigo?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni mace ce mai shekara 32, fatata mai duhu ce. Na daɗe ina fama da gashi mai kauri a haɓa da saman leɓe, kullum cikin tsigewa nake, har wurin ya fi sauran fuskata duhu. An ba ni shawarar in gwada elektrolisis, wato cire gashi da wutar lantarki, an ce ba ya sake fitowa. Abin da ke tsayar da ni shi ne, ni ko ƙaramin ƙurji ne ya fito mini, sai ya bar baƙi na watanni. Yaya zan kula da fatar kafin a yi da bayan an yi, don kada in rabu da gashi in koma jinyar tabo?

Amsa: Barka kadai, 'yar'uwa. Tsoronki yana da tushe, kuma gara da kika tambaya tun ba a taɓa fuskar ba. Sai dai abu biyu kika haɗa wuri ɗaya, alhali ba hanyarsu ɗaya ba. Akwai baƙin ɗigo, inda fata take sumul, launi ne kawai ya taru. Akwai kuma tabo na gaske, inda naman fatar ya canja, ko ya lotsa ya zama ɗan rami, ko ya taso ya yi tudu. Baƙin ɗigo yakan dushe idan aka ba shi lokaci, kuma yadda kika bi da fatar yana da tasiri ƙwarai a kansa. Rami kuwa kusan kullum daga hannun mai riƙe da na'urar yake, ko daga farcen mai fuskar, kuma babu man da za ki shafa da daddare ya cike shi. Shi ya sa nake gaya wa masu fata irin taki cewa babban kason kulawar ana yin sa ne tun kafin a kwanta a gadon aikin, wajen zaɓen hannun da zai yi.

Ga abin da ke faruwa a cikin fatar. Kowane silin gashi daga wani siririn rami yake fitowa, saiwarsa tana can ƙasa. Mai aikin yana zura wani ƙarfe wanda kaurinsa bai wuce na gashin ba, ya bi ramin har gindi ba tare da ya huda fata ba, ya saki wuta na ɗan lokaci don ya kashe ƙwayoyin da ke tsiro da gashin, sannan ya zare shi da hantsaki. Hanyar ta tsufa. Wani likitan ido, Charles Michel, a birnin St. Louis na Amurka, shi ya bayyana ta a 1875, yana cire gashin ido da ke lanƙwashewa yana sukar ƙwayar ido. Irin tasa ita ake kira galbanik: wutar tana haɗuwa da ruwa da gishirin da ke cikin nama, sai ɗan sinadarin soda mai ci ya samu a gindin gashin. A shekarun 1920 Henri Bordier na Faransa ya kawo tamolisis, wadda zafi take amfani da shi, kuma ta fi sauri. A shekarun 1940 Arthur Hinkel da Henri St. Pierre suka haɗa biyun a na'ura ɗaya. Ko wacce aka ɗauka, rauni ne ƙarami ake yi wa fata da gangan, sau da yawa a zama ɗaya. Ƙwarewa ita ce raunin ya tsaya can ƙasa, kada ya hauro sama.

Me ya sa saman ne abin tsoro? Saboda nan ƙwayoyin da ke yin launi suke zaune, a gindin shimfiɗar fata ta waje. Mai duhun fata da mai haske kusan yawan waɗannan ƙwayoyin ɗaya gare su, bambancin yana wajen ƙwazo: naki sun fi saurin zubo melanin, wato sinadarin da ke ba fata launi, kuma duk abin da ya fusata fata, zafi ne, susa ce, ƙurji ne, yana zaburar da su. Idan launin ya tsaya a shimfiɗar sama, za ki gan shi ruwan ƙasa mai duhu, kuma yakan tafi cikin wata 6 zuwa 12 yayin da fata ke sabunta kanta. Idan kuwa raunin ya fasa iyakar da ke tsakanin shimfiɗar sama da ta ƙasa, launin yana zubewa ciki, sai ya yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi, kuma wannan yana iya kai shekaru, mai ma ba ya isa wurinsa sosai. Duk shawarar da zan ba ki a kan abu biyu take: a rage fusatar fata, a kuma hana haske ƙara wa wurin launi.

Wani abin da zai kwantar miki da hankali: elektrolisis ba ruwanta da launin fata. Lesa, wato na'urar cire gashi da haske mai ƙarfi, launi take bi, shi ya sa take iya ƙona mai duhun fata idan ba a zaɓi irin da ta dace ba, kamar Nd:YAG, kuma ba ta ganin farin gashi. Wutar elektrolisis inda bakin ƙarfen yake nan take aiki. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka elektrolisis kaɗai ta yarda a kira cire gashi na dindindin, lesa kuwa rage gashi aka ce. Ki kuma sani cewa duhun da ke haɓarki yanzu, akasarinsa tsigewar ce ta jawo shi, ita da gashin da ke komawa cikin fata. Mata da yawa sukan ga wurin ya washe bayan sun daina tsigewa, ko da ba su shafa komai ba.

To, wa za ki miƙa wa fuskarki? Ki tambayi inda ya koyi aikin, da takardar izini idan dokar wurin da kike ta tanadi haka. Ki tambaya ko ya saba yi wa masu duhun fata, ki nemi ganin hoton aikinsa bayan an warke, ba hoton ranar da aka yi ba. Ƙarfen dole ya zama sabo, a buɗe shi a gabanki, a jefar bayan an gama. Hantsaki a dafa shi a na'urar kashe ƙwayoyin cuta, hannu da safar roba. Wannan ba maganar tabo kaɗai ba ce, maganar ciwon hanta nau'in B da C ce. Ki tambaya ko yana da ƙarfe mai rufi, wanda aka lulluɓe jikinsa aka bar bakin kawai. Yana taimakawa wajen tsare zafi a ƙasa, kuma ga fata irin taki ni shi na fi so. Idan gashinki mai murɗewa ne, raminsa ma a lanƙwashe yake, ƙarfe miƙaƙƙe ba kullum yake kaiwa gindi ba. A nan haɗaɗɗiyar hanyar nan ta Hinkel tana da amfani, domin sinadarin yana malala ya kai inda ƙarfe bai kai ba. Amma kada ki maƙale wa sunan hanya ko tsadar na'ura. Gwani da tamolisis ya fi ɗan koyo da na'urar da ta fi kowace. Alƙaluman nan da hantsakan lantarki da ake tallatawa don yi a gida kuwa, ki bar su inda kika gan su. Zura ƙarfe daidai a cikin ramin da ba a gani sosai sai da madubin ƙara girma, ba aikin da mutum zai yi wa kansa a gaban madubi ba ne.

Kada zaman farko ya zama a tsakiyar fuska. Ki nemi gwaji: gashi kaɗan, minti 5 zuwa 10, a ƙarƙashin haɓa ko gefen muƙamuƙi inda ba a gani, sannan ki jira mako 3 zuwa 4. Ja da kumburi nan take ake ganin su, amma baƙin ɗigo sai bayan kwanaki ko makonni yake bayyana, don haka wanda ya ce miki ki dawo gobe a ci gaba tunda ba abin da ya faru, bai jira amsar fatar ba. Ki kuma duba jikinki: hujin kunne, wurin allurar rigakafi, wurin tiyata, ƙurajen ƙirji ko kafaɗa, akwai wanda ya warke da tudu mai tauri da ya zarce girman ciwon? Wannan shi ne kiloyid, ya fi yawa ga masu duhun fata, kuma yana bin jini. Idan kina da shi, likitan fata za ki fara gani, domin layin muƙamuƙi yana cikin wuraren da yake so.

Shiri kafin zama ba shi da wuya, wuyarsa haƙuri. Ki daina tsigewa, da cirewa da zare, da kaki, tun makonni kafin a fara, kuma kada ki koma musu tsakanin zama da zama. Gashin da kika tsige yau ba za a same shi ranar aiki ba, zai dawo daga baya ya tsawaita miki tafiyar. Ki yi aski ko ki rage da almakashi. Na san abin da za ki ce, amma aski ba ya ƙara wa gashi kauri ko yawa; bakinsa ne da aka datse yake jin kaushi. Ki bar shi kwana 2 zuwa 3 kafin zama don hantsaki ya samu abin kamawa. Kimanin mako guda kafin ranar, ki ajiye duk man da ke saɓe fata: retinol, tiretinoyin, adafalin, masu asid irin su gilaikolik da salisilik, da sabulun goge fuska mai tsakuwa-tsakuwa. Ki ci gaba da wanki da sabulu mai laushi da shafa mai marar turare. Fata mai danshi ta fi karɓar aikin, saboda wutar ruwan nama take bi. Ranar zama ki je da fuska wankakkiya, ba hoda. Idan akwai ƙurji mai ruwa, ko kunar rana, ko fatar tana ƙaiƙayi tana saɓa, a ɗaga ranar.

Akwai abubuwan da dole ki faɗa tun ba a tambaye ki ba. Idan kina shan aisotiretinoyin, maganin ƙurajen fuska wanda aka fi sani da Roaccutane, masu aikin da yawa ba sa karɓa sai an yi wata 6 da dainawa, kuma likitan da ya rubuta miki shi ne zai yanke. Mai na'urar daidaita bugun zuciya ba ta yin wannan sai da izinin likitan zuciya, musamman galbanik wadda wutarta ke ratsa jiki. Mai juna biyu gara ta dakata, ko ba don komai ba lokacin fata ta fi saurin yin duhu. Mai ciwon suga da bai daidaita ba, ciwonta ba ya saurin warkewa. Mai shan maganin tsinka jini za ta fi samun taruwar jini a ƙarƙashin fata. Idan ƙurajen nan masu ruwa suna yawan feso miki a gefen leɓe bayan zazzaɓi, aikin saman leɓe yana iya tayar da su, kuma su kansu suna barin tabo. Likita zai iya ba ki asaikulobiya ki fara sha kafin zama. Gashin da ke kan tawadar Allah ba a taɓa shi sai likita ya duba tawadar. Man kashe zafi irin su EMLA yana da amfani a saman leɓe, amma kaɗan, a ƙaramin wuri. A 2007 hukumar nan ta Amurka ta fitar da gargaɗi bayan mutuwar wasu mata biyu da suka lafta irin wannan man a ƙafafunsu suka naɗe da leda kafin cire gashi da lesa.

Lokacin aikin ke ma kina da ido, ko in ce kina da ji. Shigar ƙarfen bai kamata ki ji ta kamar suka ba. Abin da za ki ji shi ne ɗan zafi ko tsunkuli lokacin da aka saki wuta. Jini a kai a kai alama ce ana huda bangon ramin. Bayan wutar, gashin ya zare salin-alin. Idan kina jin ana fizgarsa kamar yadda kike ji in kina tsigewa, ba a kashe saiwar ba, tsigewa ce kawai kike biya wa kuɗi. Wancan gefen kuma ya fi haɗari: idan kina jin ƙarar ƙuna, ko fatar da ke bakin ramin tana yin fari fat, ko ruwa yana tsattsafowa, wutar ta yi yawa ko ƙarfen bai shiga da zurfi ba. Daga nan ramuka suke samo asali. Ki ce a tsaya. Ba rashin kunya ba ne, fuskarki ce. Saman leɓe shi ya fi ko'ina shan wahala, domin fatarsa siririya ce, gashin kuma a cunkushe yake. Idan aka bi ramukan da ke maƙwabtaka ɗaya bayan ɗaya, zafin yana haɗuwa, kamar dutsen guga da aka bari wuri ɗaya a kan yadi. Gwani yana tsallakawa, ya cire nan ya bar can, ya fara da masu kauri, ya rage minti. Idan aka yi miki alkawarin share leɓen tas a zaman farko, ni dai ba zan yi murna ba.

Bayan an tashi, ja da kumburi da ɗan tudu-tudu kamar cizon sauro abu ne da aka saba, yakan lafa cikin sa'o'i, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu. A mai duhun fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu ya yi ɗumi, kada ki ɗauka tabon ne ya riga ya zo. Ki naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta ki ɗora minti 10, ki huta, ki sake. Kada ƙanƙarar ta taɓa fata kai tsaye. Kwana biyun farko ki ɗauki wurin a matsayin buɗaɗɗen ciwo: kada hannu ya riƙa zuwa, a wanke da ruwa mai ɗan sanyi da sabulu mai laushi, a tsane da tawul mai tsabta ba tare da gogawa ba. Ba hoda ko wata kwalliya aƙalla awa 24. Ba motsa jiki mai sa gumi, ba tururi, ba iyo, ba ruwan zafi a fuska. Ki canja rigar matashin kai. Wayar hannu ma tana goga haɓa, ki goge ta.

A kwana na 2 ko na 3 za ki iya ganin ƙananan ɓawo kamar kan allura, launin zuma ko ruwan ƙasa. A jiki an saba da su, a fuska kuma gwanin hannu yakan bar kaɗan ko babu. Sukan faɗi da kansu cikin mako ɗaya zuwa biyu. Nan ne mata da yawa suke ɓata aikin da aka yi musu da kyau, domin ɓawon yana ƙaiƙayi, kuma yana hana hoda kwanciya. Kowane ɓawo da kika ɓamɓare kafin lokacinsa, sabon rauni ne a daidai shimfiɗar da ƙwayoyin launi suke. Kada ki tsokale shi, kada ki goge shi da soso, kada ki jiƙa shi don ya saki. A kan abin shafawa za ki ji magana biyu. Masu aikin da yawa sun fi son a bar wurin a bushe ranar farko, suna tsoron mai mai nauyi ya toshe ramukan ya kawo ƙuraje. Likitocin fata kuma sun san tun daga binciken George Winter na 1962 cewa ciwo mai ɗan danshi ya fi busasshe saurin rufewa. Ni ra'ayina tsaka-tsaki ne: ranar farko tsabta da sanyi sun isa, daga rana ta biyu a shafa mai marar turare, inda ɓawo ya fito kuma a ɗiga Vaseline siriri, wanda zai sa wurin sheƙi kawai, ba wanda zai kwanta a kai ba. Yana rage ƙaiƙayi, kuma ɓawon ba ya tsagewa.

Abubuwan da za ki nisanta sun fi waɗanda za ki shafa yawa: sifirit a kai a kai, haidurojin feroksaid, ruwan lemon tsami, man goge baki, mai mai turare, da duk abin da ke sa raɗaɗi. Raɗaɗi ba shaidar aiki ba ce, fusata ce, kuma fusata a fatarki launi take haifarwa. Man kashe ƙwayoyin cuta ma ba dole ba ne ga ciwo mai tsabta, kuma mai neyomaisin a ciki yana cikin waɗanda suka fi jawo borin fata.

Sai rana. Masu duhun fata da yawa suna ganin man kariya daga rana ba nasu ba ne tunda ba sa ƙonewa. Ga wadda ke yaƙi da baƙin ɗigo, shi ne maganin da ya fi kowane. Ranar farko ki dogara da inuwa da hula mai faɗi. Daga nan kullum da safe ki shafa mai lamba SPF 30 ko fiye, wanda aka rubuta yana tare UVA da UVB, wato hasken rana da ido ba ya gani, ki sabunta duk awa 2 idan kina waje ko kina gumi. Ga wani abin da ba a cika faɗa ba: ba hasken da ido ba ya gani kaɗai ke sa duhu ba. Hasken da muke gani da ido, musamman ɓangarensa mai shuɗi, yana zaburar da ƙwayoyin launi a fata mai duhu, kuma man kariya na yau da kullum ba ya tare shi. Mai ɗan launi a ciki, wanda ke ɗauke da ayon oksaid, shi ke tarewa, ga shi ba ya barin farin nan da ke sa fuska toka-toka. A kan fatar da ba ta daɗe da shan aiki ba, mai zink oksaid ya fi sauƙin zama. Tunda aikin zai ɗauki watanni, kariyar ma haka, har da ranar hadari, har da zama kusa da taga.

Idan duk da haka ɗigon ya fito, kada ki firgita, kuma kada ki kai masa hari da zafi. Ki bari fatar ta rufe sarai, ba ɓawo ba raɗaɗi, sannan ki fara da abu ɗaya. Azelayik asid mai ƙarfin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 shi nake fara ba masu fata irin taki, domin yana rage launi yana kuma kwantar da fusata. Niyasinamaid mai kashi 4 zuwa 5 yana da sauƙi, ana iya haɗa su. Adafalin ko tiretinoyin da daddare suna hanzarta sabunta fata, amma a fara da dare biyu ko uku a mako, a dakatar kafin kowane zama, kuma mai juna biyu ko mai neman ɗauka ba ta shafa su. Ki ba kowane mako 8 zuwa 12 kafin ki ce bai yi ba. Haidrokwinon mai kashi 4 yana aiki, sai dai na likita ne, a kan ɗigon kawai, wata 3 zuwa 4 a huta. Daɗewa a kansa yana kawo okronosis, wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ya fi na farkon wuyar magani nesa ba kusa ba. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2001, Amurka kuma ta daina barin a sayar da shi ba takardar likita a 2020.

Mayukan bilicin da ake haɗawa ba a san abin da ke ciki ba, nan ne ake garin neman gira a rasa ido. Da yawansu suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi irin su kilobetasol, wasu da sinadarin makuri, wato zaiba, mai lalata ƙoda da jijiyoyi. Sitiroyid yana haskaka fuska da sauri, sannan ya sirantar da fata, ya kawo ƙuraje, ya hana ciwo warkewa, kuma abin haushi gare ki, yana tsiro da gashi a fuska. Idan kina shafa irin wannan yanzu, ki faɗa wa mai aikin, ki kuma nemi likita ya janye miki shi a hankali kafin a fara, domin fatar da ta sirance ba ta jure wuta, kuma yankewa farat ɗaya yana sa fuska ta yi bore.

Game da tazara: kada a koma wurin da bai gama warkewa ba. A farko akan yi zama duk mako ɗaya ko biyu, amma idan fatarki tana riƙe duhu, ki nemi a tsawaita ko a riƙa juya wuri, yau haɓa, wani zaman leɓe. Gashi ba lokaci ɗaya yake fitowa ba, wani yana tsiro wani yana hutawa a ƙasa, don haka kammalawa takan ci shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wani lokaci fiye. Ki riƙa ɗaukar hoto a haske iri ɗaya duk wata. Ido yana mantuwa. Idan kowane zama yana barin manyan ɓawo, ko ɓawon yana wuce mako biyu, ko kin fara ganin ƙananan ramuka idan haske ya bugi wurin ta gefe, a rage wuta, in ba a saurare ki ba ki canja hannu. Ɗan rashin daidaito a fata yakan ci gaba da gyaruwa har shekara guda, don haka ba a gaggawar yi masa wani aikin. Tudu mai tauri da ke girma yana ƙaiƙayi kuwa ba a jira: likita yana da jel ɗin silikon da allurar da ake yi a cikin tabon, kuma sun fi aiki da wuri. Haka nan idan zafi yana ƙaruwa bayan kwana biyu maimakon raguwa, ko mugunya ta fito, ko kumburi yana yaɗuwa, ko zazzaɓi ya shigo, a ranar za ki je asibiti.

Ba ki ambaci al'adarki ba, kuma tana da muhimmanci a nan. Gashi mai kauri a haɓar mace, abin da ya fi kawo shi shi ne PCOS, wato matsalar ƙwan mahaifa da ke rikita sinadaran jikin mace, musamman idan al'ada tana tsallake watanni, ko akwai ƙurajen fuska da ƙiba. Elektrolisis tana kashe saiwar da ta taɓa, amma ba ta hana sinadaran jiki mayar da siririn gashi mai kauri a gefe, kuma kowane sabon gashi ƙarin wuta ne a fatar da kike tattali. Likita zai iya yin gwajin jini, ya ba da ƙwayar tsarin iyali mai sinadari biyu ko sifironolakton idan sun dace da ke. Sukan ɗauki kamar wata 6 kafin a ga tasirinsu, kuma ba a shan sifironolakton da juna biyu. Idan kuwa gashin cikin 'yan watanni ya taso da ƙarfi, ko murya ta fara kauri, ko gashin kai yana zubewa ta gaba, ki ajiye maganar elektrolisis tukuna, a fara binciken ƙwan mahaifa da gilan ɗin da ke saman ƙoda.